A riƙa duba sabulu, ba ginin banɗaki kaɗai ba

Duk wanda ya taɓa halartar bikin buɗe banɗakin makarantar firamare ya san yadda ake yi. An shafa fenti, an kafa allo mai sunan masu tallafi, yara sun jeru gaban bokiti mai famfo suna wanke hannu ana ɗaukar hoto. Rahoton da za a aika wa masu kuɗi kuma ya riga ya kammala: banɗaki kaza, rijiyar burtsatse kaza, ɗalibai kaza sun amfana. Na daina yarda da wannan lissafi tun ranar da na koma wata makaranta bayan shekara guda, na tarar an garƙame banɗakin da kwaɗo, makulli na aljihun hedimasta, yara na zagayawa bayan katanga. Bokitin na nan a ofis, a bushe ƙarau.

Abin da aka gani a yammacin Kenya ya isa ya farkar da mu. A 2007 da 2008, ƙungiyar agaji ta CARE da masu bincike daga Jami'ar Emory ta Amurka sun gwada shirin ruwa da tsafta a makarantun lardin Nyanza, suka raba makarantun da ƙuri'a don a kwatanta. Da aka auna hannayen ɗalibai, sai ga shi a inda aka gina sabbin banɗakuna ƙwayar E. coli, wadda ke fitowa daga kashi, ta ƙaru a hannun yara, musamman 'yan mata. Abin da masu binciken suka fi zato shi ne yara sun ƙara shiga banɗaki, amma in sun fito babu sabulu, babu isasshen abin tsarki. Da gini aka ƙirga, da an ce aiki ya yi kyau.

Ba cewa nake a daina irin waɗannan shirye-shirye ba. Binciken nan ma ya nuna 'yan mata sun rage fashin makaranta a wasu yankunan da aka tsaftace ruwan sha aka koyar da wanke hannu.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya fi kama gaskiya: ba a cewa makaranta na da wurin wanke hannu sai an iske ruwa da sabulu ranar da aka je. Da wannan ma'auni, a 2019 makarantu 2 cikin kowane 5 a duniya ba su cika sharaɗin ba.

Don haka mai duba aiki ya je ba sanarwa, a tsakiyar zango, bayan kuɗin tallafi ya ƙare. Ya tura ƙofar banɗakin da hannunsa, ya buga famfon. A sa malama mace ta keɓe da 'yan matan aji shida ta tambaye su ina suke zuwa idan al'ada ta zo musu. Sannan a tambayi hedimasta daga wane asusu za a sayi sabulun wata mai zuwa, wa kuma zai biya bakanike ranar da famfon ya tsaya.