Idan Dodo Ya Sauko Daga Kufena

A wani gidan kallo a Samaru ta Zariya na tarar da matasa suna tuntsira dariya, wani ƙaton dodo yana rusa benaye a talabijin. Wani dattijo ya yi tsaki, ya ce shirme. Na yarda shirme ne, amma irin shirmen da nake so marubutanmu su gwada.

Japanawa ba da wasa suka fara irin wannan fim ba. Fim ɗinsu na ƙaton dodo mai suna Godzilla ya fito a 1954, shekara tara bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki, kuma a shekarar da ƙurar gwajin nukiliyar Amurka ta zubo wa wasu masunta 'yan Japan. Fargaba ce aka yi wa ƙafafu da wutsiya. Sai dai mutum ne cikin rigar roba yake tattake 'yan ƙananan gidaje, ba a jima ba kuwa dodon ya koma abin nishaɗin yara.

Kimiyya ma tana bayan masu dariya. Tun 1638 Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya nuna cewa in ka ninka girman dabba sau biyu ta kowane ɓangare, nauyinta zai ninku sau takwas, ƙarfin ƙashinta kuwa sau huɗu kacal. Ƙadangare mai tsayin mita 50, in ya sauko daga dutsen Kufena, kafin ya iso ganuwa ƙafafunsa sun karye. Nan labarin zai yi daɗi: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun fito da igiyar awo, mahauta suna wasa wuƙa, an aika yaro wurin malam ya tambayo ko naman ya halatta.

Mu fa wannan ba baƙonmu ba ne. Dodon da kakanninmu suka ba mu a tatsuniya ƙato ne maras wayo, kullum Gizo na wasa da hankalinsa. Galileo lissafi kawai ya ƙara.

Za a ce ba mu da kuɗin haɗa irin waɗannan hotuna a kwamfuta. Gaskiya ne, amma alƙalami bai san wannan tsadar ba, kuma masu karanta littattafan soyayya a waya ba za su ƙi sabon ɗanɗano ba. Ni dai ina jiran shafin da dodo zai maƙale a Ƙofar Doka ranar Juma'a, masu adaidaita sahu suna danna masa hon, suna cewa, "Malam, matsa mana!"