Rawar Jinsi Ɗaya a Gasar Talabijin: Inda Gardamar Take

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, tashar BBC ta buɗe gasar rawarta mai suna Strictly Come Dancing, sai guntayen bidiyo su fara yawo a wayoyinmu, a ga maza biyu sanye da baƙaƙen kwat sun riƙe juna suna zagaya fili, ko mata biyu suna takawa a gaban alƙalai. Kafin a ce kwabo wuri ya cika da a'uziyya da tsinuwa, wasu kuma su fito su ce ai rawa ce kawai, ba abin tada jijiyar wuya ba ne. Na daɗe ina bibiyar wannan shiri, kuma ina ganin ɓangarorin biyu duk sun kauce wa inda maganar take, shi ya sa nake so in faɗi nawa ra'ayin a tsanake.

An fara shirin ne a shekarar 2004. Ana ɗauko fitaccen mutum wanda rawa ba sana'arsa ba ce, kamar ɗan wasan kwaikwayo ko ɗan ƙwallo ko mai karanta labarai, a haɗa shi da ƙwararren ɗan rawa, su shafe mako suna atisaye, ranar Asabar da yamma su fito kai tsaye. Alƙalai huɗu ne, kowanne yana ba da maki har 10, sannan a haɗa da ƙuri'ar masu kallo, biyun da suka zo ƙarshe su sake karawa a sallami ɗaya. Ƙasashe da dama sun sayi tsarin, ciki har da Amurka, inda ake nuna shi tun 2005 da sunan Dancing with the Stars.

Mutane da yawa suna zaton Birtaniya ce ta fara haɗa jinsi ɗaya a wannan gasa, alhali ta zo a makare. A Isra'ila aka fara a 2010, lokacin da mai gabatar da labaran wasanni Gili Shem Tov ta yi rawa da mace 'yar'uwarta. Ostiriya ta biyo baya a 2011 da maza biyu, kuma a 2019 maza biyu, Jakob Fauerby da Silas Holst, suka lashe gasar Danmak baki ɗaya. BBC kuwa sai a 2020 ta haɗa 'yar dambe Nicola Adams, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016, da Katya Jones, kuma ita Nicola ce ta nemi a ba ta mace. Tafiyarsu ba ta yi nisa ba, domin Katya ta kamu da korona a watan Nuwamba aka cire su. A 2021 John Whaite da Johannes Radebe suka kai zagayen ƙarshe, a shekarar ne kuma mata biyu, JoJo Siwa da Jenna Johnson, suka zo na biyu a Amurka.

Zan fara da rawar kanta, domin ita ce aka fi mantawa da ita idan gardama ta yi zafi. A rawar bibbiyu irin wals ko fokstirot, ɗaya ne jagora, ɗaya mabiyi. Jagora yana ɗora hannun dama a kan allon kafaɗar abokin rawarsa, ya riƙe hannunsa da na hagu a daidai tsayin ido, shi kuma mabiyi ya ɗora hannun hagu a dantsen jagora, ya juya kai gefen hagu, ya ɗan karkatar da ƙirji baya. Yawanci jagora gaba yake yi, yana fara sauke dunduniya, mabiyi kuma yana ja da baya ba tare da ganin inda ya dosa ba, bai da abin dogaro sai sauyin nauyin jikin jagora da motsin ƙirjinsa. Duk wanda ya zuba ido ya kalli wannan zai ga cewa babu wani ɓangare nasa da mace ba za ta iya jagoranta ba, ko namiji ya kasa bi. Malaman rawa ma dole ne su iya ɓangarorin biyu, in ba haka ba ba za su iya koyar da kowa ba.

Abin da yake sauyawa shi ne wahalar aikin. Idan namiji yana cikin baƙar kwat, mace tana cikin doguwar riga mai baza, rigar tana rufe kurakuran ƙafa masu yawa, kuma ido yana rarrabe su cikin sauƙi. Idan maza biyu ne masu tsayi kusan ɗaya cikin tufafi iri ɗaya, da zarar gwiwar ɗaya ta riga ta ɗayan lanƙwasawa kowa zai gani. Ga kuma ɗaga mutum sama, wanda ake yarda da shi a wasu raye-rayen kamar salsa da tangon Ajantina, kuma ɗaga ƙaton namiji ba daidai yake da ɗaga siririyar mace ba. John da Johannes sukan yi musayar jagoranci a tsakiyar rawa, abin da ke nufin ɗalibin sai ya koyi aiki biyu a makon da abokan hamayyarsa suke koyon ɗaya.

A 2014 hukumar da ke kula da gasannin rawa a Birtaniya ta duba shawarar a rubuta a ƙa'ida cewa abokan rawa su ne namiji ɗaya da mace ɗaya, kuma hujjar da aka fi kawowa ita ce maza biyu za su fi ƙarfi da sauri. Wannan hujja tana da ɗan nauyi a gasar ƙwararru, inda bambanci kaɗan ke raba na ɗaya da na biyu. A gasar talabijin kuwa ba ta da gurbi, domin tun asali ba a daidaita jiki da jiki a cikinta. Bill Bailey ya lashe ta a 2020 yana da shekara 55, Angela Rippon ta fafata a 2023 tana da shekara 79 tare da matasan da ta yi jika da su, kuma makaho Chris McCausland ne ya ɗauki kofin 2024. Daga 2020 zuwa 2024 babu abokan rawa jinsi ɗaya da suka yi nasara a Birtaniya. Lokacin da Layton Williams ya kai zagayen ƙarshe a 2023 tare da Nikita Kuzmin, ƙorafin da ya fi ma'ana a kansa shi ne tun yana yaro yake rawa a manyan gidajen wasan kwaikwayo na Landan, don haka ba sabon shiga ba ne, kuma wannan ƙorafi zai tsaya ko da mace aka ba shi.

Haka nan rawar jinsi ɗaya ba baƙon abu ba ne a duniya. A da can, a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, maza da maza ne suke koyon tango a tsakaninsu kafin su je wurin rawa. A gasannin yara na Birtaniya an daɗe ana ganin 'yan mata biyu suna fafatawa tare, saboda samarin da ke koyon rawa ba su da yawa. Mu kanmu a ƙasar Hausa haka muka tashi muka tarar, 'yan mata suna gaɗa a dandali su kaɗai, mata suna cashewa a kiɗan ƙwarya a cikin gida, 'yan tauri da 'yan hoto kuma maza ne zalla. Abin da ya daɗe yana haɗa malamai da masu shirya finafinan Hausa rigima shi ne rawar namiji da mace, ba akasin haka ba. Saboda haka duk wanda ya ce ganin maza biyu suna taka rawa shi kansa ne abin ƙyama, bai yi wa al'adarmu adalci ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa rawa ce kawai ba, kuma ina ganin wannan maganar ba ta girmama hankalin mai kallo. Rawar rumba labarin soyayya take bayarwa, haka ma wals, kuma masu shirya shirin sun san haka, shi ya sa suke zaɓar waƙa da haske da kusancin kyamara yadda suke yi. Su ma 'yan rawar ba su ɓoye ba. John Whaite da Johannes Radebe sun sha faɗa a fili cewa burinsu shi ne yaron da yake jin shi daban ne ya gan su a talabijin ya san ba shi kaɗai ba ne. Saƙo ne ake isarwa da gangan, a shirin iyali da ake nunawa kafin ƙarfe 9 na dare, lokacin da yara ke zaune a falo. Iyayen da suka lura da haka ba mafarki suke yi ba, kuma bai kamata a kira su jahilai don sun faɗa ba.

Ni Musulmi ne, na san matsayin addinina a kan auren jinsi ɗaya, kuma ba gasar talabijin ce za ta sauya mini shi ba. Amma addinin nan ne ya koya mini in auna kowa da mudu ɗaya. Tun 2004 wannan shiri yake haɗa namiji da macen da ba muharramarsa ba ƙirji da ƙirji, cikin tufafin da ba su rufe abin kirki ba, su wuni su biyu a ɗakin atisaye na tsawon watanni, har jaridun Birtaniya suka laƙaba wa shirin la'ana saboda yawan aure da soyayyar da suka watse a dalilinsa. A 2024 ma, bayan wasu mata da suka shiga gasar sun koka da yadda abokan rawarsu maza suka mu'amalance su, sai da BBC ta ba da haƙuri, ta kuma sa ma'aikaci ya riƙa zama a kowane ɗakin atisaye. Ban ga an yaɗa wannan a tsakaninmu da irin zafin da ake yaɗa bidiyon maza biyu ba. Wanda ya shekara goma sha shida yana kallo yana tafi, sai a 2020 ya tuna da tarbiyya, ya kamata ya sake duba mudunsa.

Akwai kuma batun ƙasar da abin yake faruwa. Ingila da Wales sun halatta auren jinsi ɗaya, an fara ɗaurawa a watan Maris na 2014, watanni biyu bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta shi a Najeriya. BBC kuwa da kuɗin lasin da kowane gida mai kallo yake biya ake gudanar da ita, wanda ya haura fam 160 a shekara, kuma masu neman jinsi ɗaya suna biya kamar yadda Musulmin Bradford da Kiristan Belfast suke biya. Tashar da ta karɓi kuɗin mutum, a ƙasar da doka ta amince da aurensa, ba ta da hujjar da za ta ce masa ba zai shiga gasar rawa da wanda ya zaɓa ba. Lokacin da Johannes ya yi rawa da namiji ɗan'uwansa Graziano Di Prima a watan Nuwamba na 2019, ƙorafe-ƙorafen da suka isa BBC 'yan ɗaruruwa ne, a shirin da miliyoyi suke kallo, kuma bayan shekara biyu ƙuri'ar jama'a tana cikin abin da ya kai shi zagayen ƙarshe. Wannan tsarin da ya ba su dama shi ne ya ba 'yar'uwarmu mai hijabi damar fitowa a tashar, kuma 'yan'uwanmu mazauna can sun fi kowa sanin darajarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne zagi da fatan mutuwa da ake yi wa mutanen da ba a taɓa haɗuwa da su ba. Johannes Radebe ɗan Afirka ne kamarmu, ya tashi a unguwar talakawa ta Zamdela kusa da Sasolburg a Afirka ta Kudu, ya sha tsangwama tun yana ɗan makaranta, kuma da ƙafafunsa ya kai inda ya kai. Ana iya saɓa wa rayuwarsa ba tare da an tsine wa uwar da ta haife shi ba, kuma ban san wani malami na kirki da ya koyar da cewa ashar hanya ce ta gyara ba. Yaranmu suna karanta abin da muke rubutawa, kuma suna koyon yadda ake saɓani daga gare mu kafin su koya daga talabijin.

Ga iyayen da suke zaune a Birtaniya ko suke kallon shirin ta intanet, hanya a buɗe take. BBC tana bayyana wanda aka haɗa da wane tun a shirin buɗewa na watan Satumba, kafin a fara fitowa kai tsaye, don haka babu wanda ake yi wa ba-zata. Mai gidan da ya ga shirin bai dace da falonsa ba yana da ikon sauya tasha, ko ya rubuta ƙorafi zuwa BBC da harshe mai tsabta. Wanda kuma ya zaɓi ya kalla da iyalinsa, to ya shirya amsa tambayar da yaro zai yi masa a daren Asabar, ya gaya masa abin da dokar ƙasar ta ce, da abin da addininsa ya ce, da kuma dalilin da ya sa ba a zagin mutanen da suke kan allon.