Shirun mamaci ba izini ba ne

Ina da aboki da ya shekara huɗu yana wankin ƙoda. Sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, an jona masa na'ura a hannu, jininsa na fita yana komawa. Ruwan da zai sha ma sai an auna. A cikin 'yan'uwansa mutum ɗaya ne jininsu ya dace, shi kuma likita ya ce lafiyarsa ba za ta ɗauki aikin cire masa ƙoda a dasa wa abokina ba. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta abin da zan faɗa ya zaci ina adawa da bayar da sassan jiki bayan mutuwa. Ni kaina na yarda a ɗauki nawa in suna da amfani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dokar da ke cewa duk wanda ya mutu bai ce komai ba, ya amince.

Tsari biyu ake bi a duniya. Na farko, ba a taɓa gawarka sai ka ce e tun kana raye, ka sa sunanka a rajista, ko iyalinka su ce e a madadinka. Haka Amurka take yi, yawanci ma a wurin karɓar lasin tuƙi ake tambayar mutum. Haka Jamus take, majalisarta ta yi watsi da ƙudurin sauya tsarin a Janairun 2020. Na biyu kuwa, kowane baligi mai bayarwa ne sai in ya je ya rubuta a'a. Yankin Wels ya koma kansa a 2015, Ingila a 2020, Sukotilan a 2021. Masu goyon bayan wannan ba mugaye ba ne, hujjarsu ma tana da ƙarfi: mutane da yawa sun yarda a zuci, sai dai ba su taɓa zama sun cike takarda ba, ga kuma sama da mutum 100,000 suna jira a layin dashen gaɓa a Amurka kaɗai, wasu na mutuwa kullum kafin layin ya zo kansu. Don me za a binne ƙoda mai lafiya saboda mai ita ya yi kasalar cike takarda?

Na daɗe ina juya wannan tambayar, kuma inda nake tsayawa kullum shi ne: su wane ne masu shirun? Mai ilimi da ba ya so a taɓa shi, cikin minti biyar zai buɗe wayarsa ya cire sunansa. Wanda zai rage shi ne wanda bai iya karatu ba, da tsohon da ba ya hulɗa da intanet, da baƙon da bai ji harshen da aka yi sanarwar da shi ba, da wanda neman abin yau ya hana shi jin an yi wata doka. Aka ce shiru ma magana ce. Gaskiya ne, amma sai ga wanda ya ji tambayar. Wanda ba a taɓa tambaya ba, shirunsa ba ya ɗauke da komai, hukuma ce kawai ta cike masa gurbin da amsar da take so. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida da ake jingina wa Imamu Shafi'i, cewa ba a jingina wa mai shiru magana. Ko majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta cire gaɓa daga mamaci don ceton rai, da sharaɗi ta yi: izinin mamacin kafin ya mutu, ko na magadansa, ko na shugaba in ba a san mamacin ba ko ba shi da magaji. Ta kuma hana saye da sayarwa.

Duk lokacin da aka yi wannan muhawara sai wani ya kawo Sifaniya, tunda ita ce ta daɗe a gaban kowa wajen yawan masu bayarwa, kuma dokarta ta ce shiru amincewa ne. To a duba shekarun. An yi dokar a 1979. Shekara goma aka yi babu wani canji na a zo a gani. Sai a 1989 aka kafa hukumar dashe ta ƙasa, ƙarƙashin likitan ƙoda Rafael Matesanz, lokacin masu bayarwa ba su wuce 14 cikin kowane mutum miliyan ɗaya ba. Yau sun haura 40. Me hukumar ta yi? Ta ajiye jami'i na musamman a cikin asibitoci, yawanci likitan ɗakin kulawa ta musamman, wanda aikinsa shi ne ya gane majinyacin da zai iya zama mai bayarwa, ya kuma san yadda ake zama da iyalin da mutuwa ta girgiza yanzu-yanzu. An koya musu magana kamar yadda aka koya musu allura. Kuma abin da masu kafa hujja da Sifaniya ba sa faɗa: duk da dokar, likitocinsu suna tambayar iyali, in iyali suka ce a'a, an bar maganar ke nan.

Dalilin da ya sa wannan jami'in ya fi dokar nauyi mai sauƙi ne. Ba kowace mutuwa ce ke ba da damar cire gaɓa ba. Ɗaya ko biyu ne cikin ɗari, galibi wanda ya mutu a asibiti yana kan na'urar numfashi, ƙwaƙwalwarsa ta mutu amma jini na zagayawa. Zuciya ba ta wuce awa huɗu zuwa shida a wajen jiki. Ƙoda ta fi haƙuri, tana kai kwana guda har da ɗori. Fatar jiki da tantanin gaban ido su ne ake iya cirewa ko da an yi wasu awoyi da rasuwa. Ke nan ko kowa a ƙasa ya zama mai bayarwa a takarda, in babu gado, babu na'ura, babu mai lura da lokacin, babu motar da za ta kai gaɓar, doka ba za ta ƙara ko ƙoda ɗaya ba.

Barazil ta gwada gajeriyar hanyar. Ta yi dokar shiru amincewa ne a 1997, aka fara aiki da ita a farkon 1998, wanda ba ya so sai ya sa a rubuta masa haka a katin shaidarsa. Mutane suka yi tururuwa suna sa a rubuta, saboda tsoron kada likita ya yi sanyin jiki wajen ceto su don yana hangen gaɓoɓinsu. Likitocin kansu suka ƙi taɓa gawa ba da yardar iyali ba. Ba a cika shekara ba gwamnati ta ja da baya. Wannan tsoron ne ya fi damuna, domin shi ke rusa komai. A Jamus, bayan an gano a 2012 cewa wasu likitoci suna murɗa bayanan majinyatansu don su tsallake layi, masu bayarwa suka ci gaba da raguwa, daga kusan 1,300 a 2010 zuwa ƙasa da 800 a 2017. A Ingila kuwa, abin da ya fito fili a 1999 a asibitin yara na Alder Hey, inda aka adana sassan jikin yaran da suka rasu ba da sanin iyayensu ba, shi ya taimaka wajen haifar da dokar 2004 da ta ɗora komai a kan izini. Iyayen nan da yawa sun ce da an tambaye su da sun bayar. Rashin tambayar ne ya ci musu rai.

Singafo ta burge ni ta wani gefen. Ta yi irin wannan doka a 1987, amma ta bar Musulmin ƙasar a waje, sai wanda ya shiga da kansa. Shekara ashirin aka yi a haka, har kwamitin fatawa na majalisar addinin Musulunci ta ƙasar ya ba da fatawa a 2007, sannan aka shigar da su a 2008. Har yanzu ban yarda da tushen dokar ba, amma an jira mutane an yi magana da su.

Abin da nake so a yi shi ne a tambayi kowa, ido da ido, a harshen da yake ji, lokacin da ya zo karɓar katin shaida ko lasin ko katin asibiti. Ya ce e, ko a'a, ko na bar wa wane ya yanke. Ya iya zaɓar abin da ya yarda a ɗauka, ya iya canza ra'ayi ba tare da wahala ba. Kada likitan da ke ƙoƙarin ceto shi ya kasance shi ne mai dashen. A kuma gina rajistar da jama'a suka san wa ke buɗe ta da yadda ake raba gaɓoɓi. A Birtaniya, idan iyali sun san mamacinsu ya yi rajista, kusan tara cikin goma suna amincewa. Idan ba su sani ba, adadin yana faɗuwa ƙasa sosai, domin an ɗora wa mutum hukunci a daren da ba ya iya tuna ko lambar wayarsa.

Shi ya sa na zauna da yayana a kan maganar. Bai ji daɗi ba, ya ce, "Kai dai ba ka da zance sai na mutuwa." Na ce, "Yaya, in ta zo kai za a kira, ba na so ka tsaya kana tunanin me nake so." Ya yi shiru, can ya tambaye ni ko za a ɓata gawar. Na gaya masa ana ɗinke wurin kamar kowace tiyata, a miƙa wa iyali su yi sutura. Ya ce ƙoda da hanta ya ji, amma idanu sai ya ƙara tunani, kuma shi nasa jikin bai yarda a taɓa ba. Na ce na ji, zan riƙe masa haka.