Ruwan kuromiyom na masana'antun fata: a raba shi tun daga bakin ganga

A Kano, duk masana'antar da ke jimar fata da sinadarin kuromiyom a Challawa, Sharaɗa ko Bompai tana sayen sinadarin da tsada, sannan ta zubar da kusan kashi ɗaya bisa uku nasa a kwata. Fata ba ta shanye shi duka. Abin da take kamawa kashi 60 zuwa 70 ne cikin 100, sauran kuwa yana fita cikin ruwan nan mai shuɗi-shuɗi da ake juyewa daga ganga. Daga nan sai kogunan Salanta da Challawa, ko Getsi da Jakara, inda masu noman rani ke jan ruwa su shayar da latas da alayyahu.

Da zarar an taso da zancen, sai a koma kan babbar matatar gurɓataccen ruwa ta gama-gari. Tana da amfani, amma ba daga nan ya kamata a fara ba. A 2017 Bangaladash ta kwashe masana'antun fata daga Hazaribagh zuwa Savar, inda aka gina irin wannan matata, amma kogin Dhaleshwari da ke wurin bai tsira ba. Idan ruwan kuromiyom ya gauraya da na jiƙo, da na farar ƙasa, da na rini, ya tsarma ke nan, abin da zai rage laka ce mai guba wadda ba mai saye.

Aikin da ya fi sauƙi shi ne a ba gangar jima magudanarta ita kaɗai. A tace ruwan da rariyar ƙarfe don cire gutsattsarin fata, a tara shi a tanki. A dama garin magnesiyom oksaid da ruwa, a zuba a hankali ana motsawa kamar awa ɗaya, har ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid a ruwa, ya kai wajen 8. A bar shi ya kwanta awa huɗu ko ya kwana. Kuromiyom zai taru a ƙasa, laka mai kauri da ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na ruwan ba. A tsiyaye na sama, a narkar da lakar da asid ɗin salfurik, wanda muka fi sani a ruwan batir, har pH ya sauko tsakanin 2.5 da 2.8. Wannan ruwa shi ake mayarwa ganga tare da sabon sinadari. Masana'antun Kanpur na Indiya sun daɗe da sanin wannan hanya.

Inda ake kuskure sananne ne. Wasu kan sa kostik soda maimakon magnesiyom don ta fi saurin aiki, sai lakar ta fito ruwa-ruwa, ta ƙi kwanciya sai da injin matsa. Magnesiyom mai arha da ke ɗauke da alli yana barin daskararren farin abu a tanki. Idan ba a tace maiƙo ba, yakan taru ya bar tabo a fuskar fata, shi ya sa ba a jima da tsohon ruwa zalla. Asid kuwa kaɗan-kaɗan ake zuba shi, da safar hannu da tabarau, domin yana ta da zafi.

Raba magudanar yana kare rai ma. Ruwan cire gashi yana ɗauke da sinadarin salfaid. In ya haɗu da ruwa mai asid sai ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda kan kashe mai yasar rami kafin ya iya fitowa.

Wannan hanya ba ta cire gishiri, saboda haka ruwan da aka tsiyaye bai dace da ban ruwa ba, sai an ƙara tace shi. Kuma a daina ƙona ɓarɓashin fatar da aka jeme, domin wuta na iya mayar da kuromiyom ɗin zuwa nau'in da ke haddasa ciwon daji.

Hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, da ma'aikatar muhalli ta Kano su sa magudana ta daban da tankin dawo da kuromiyom cikin sharuɗɗan aiki, cibiyar NILEST ta binciken fata da ke Zariya kuma ta horar da masu kula da tankunan. Ƙananan masana'antu uku ko huɗu suna iya haɗa tanki ɗaya, a riƙa kai masa ruwan a mota.