Muzurun Liyon da tsakar gidanmu ta Yelwa

Wata guda ke nan, da asuba, na shimfiɗa darduma zan tayar da salla sai na ji ƙafata ta taka jiƙa. Ban ma kunna fitila ba, hancina ya riga ya ba ni labari. Muzurun 'yata ne, kuma karo na uku ke nan a mako guda: ya yi a bakin ƙofar banɗaki, ya yi a kwandon wanki, yau ga shi a inda nake sa goshi. Kun dai san hukuncin, ragowar ruwan da mage ta sha ba laifi a yi alwala da shi, amma fitsarinta najasa ne a wajen malamanmu. Na wanke ƙafa, na yi sallar a kan zanen gado, raina a ɓace.

Da a Garwa ne, garinmu na Kamaru, maganar ta ƙare da tsintsiya. A nan Liyon ta Faransa sai da muka nemi ranar ganin likitar dabbobi.

Bari in kwatanta muku wurin, don in ba gani mutum ya yi ba zai ce ƙari nake. Ɗakin jira an raba shi biyu, karnuka gefe, kyanwoyi gefe, don kada wani ya tayar wa wani hankali. Kowa na riƙe da ɗan littafin rigakafin dabbarsa kamar na awon jarirai. Muzurun namu yana da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuyansa, mai ɗauke da lambarsa, don dokar Faransa ta wajabta wa kowace mage samun irin wannan shaida in ta wuce wata bakwai. Da layi ya zo kanmu, sunansa aka kira, aka haɗa da sunan mahaifin yarana. Mutumin da ya je Makka sau biyu, ga sunansa manne da muzuru.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar likitar ta farko. Ta dube ni da lulluɓina ta ce, "Madam, kin dake shi ne? Ko kin goga masa hanci a cikin fitsarin?" Na ce a'a, amma har cikin kaina na ji zafin. Daga baya 'yata ta ce kowa ake yi wa wannan tambayar, don duka ba ya koya wa mage komai sai tsoro, tsoron kuma ƙara matsalar yake. Wataƙila haka ne. Ni dai na san irin kallon da aka yi mini.

Gaskiya ta san aikinta, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce kafin a kira mage mai rashin kunya, a fara tabbatar da lafiyarta. Muzuru musamman, hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa. In ka ga yana ta tsugunawa yana kuka ba abin da ke fita, to ba a kwana da shi a gida, don cikin kwana biyu ko uku zai iya mutuwa. Ta kuma bambanta mini abu biyu. Wanda ke tsayawa ya ɗaga wutsiya tana rawa ya fesa wa bango, iyakar yankinsa yake shatawa, kuma dandaƙa tana rage wannan sosai. Namu tsugunawa yake, kuma an riga an dandaƙe shi. Aka auna fitsarin, babu ƙwayoyin cuta, babu tsakuwa. Mafitsararsa ce ta kumbura, wai saboda damuwa. Damuwa fa! Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sai ta shiga lissafo mini laifuffukana. Robar yashin da yake fitsari a ciki, wadda suke kira litiyar, na ajiye ta kusa da injin wanki, ƙarar injin tana firgita shi. Mai murfi na saya, yashin kuma mai ƙamshin turare, don gidan ƙarami ne, ina jin kunyar baƙi. Shi kuwa hancinsa ba ya son turaren, murfin kuma tara masa wari yake. Ta ce mage ɗaya roba biyu, biyu roba uku, kullum a ƙara ɗaya a kan yawansu, masu faɗi, nesa da kwanon abinci, a kwashe kullum. Ni da nake taƙama da tsafta, ashe ruwan javel, bilicin da nake goge wurin da shi, janyo shi yake ya dawo. Akwai wani ruwa na daban da ke cinye warin har tushe. A ƙara masa jiƙaƙƙen abinci don ya samu ruwa a jiki, a riƙa yi masa wasa, a jona wani abu a bango, Feliway, mai fitar da ƙamshin da ke kwantar wa mage hankali. Na biya yuro 120, wato sefa 78,000 da ɗoriya. Na bi abin da ta ce, kuma ya daina. Wannan ba zan ɓoye ba.

Amma ina hawa bene na huɗu da buhun yashin saye a kafaɗa, tunani ɗaya nake: duk abin da matar nan ta rubuta mini, kwaikwayon tsakar gidanmu ne. Yashi mai laushi marar turare, wuri fiye da ɗaya, nesa da hayaniya, abin farauta, sarari. Wa ya taɓa koya wa magen Inna zuwa bayan madafi ta tona ta binne? Asalin magen gida daga magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, 'yar ƙasa mai rairayi ce tun fil'azal. Shi kansa yashin buhun busasshen yumɓu ne, wani Ba'amurke, Ed Lowe, ya fara sayar da shi a 1947. Kafin nan su ma toka da rairayi suke zubawa. Mu da motoci ke kwasar yashi a bakin Binuwai duk rani, ga ni ina sayensa da awo. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa, nan kuma ake kai mage asibitin damuwa.

Na san abin da za ku ce, kuma ban manta ba. Yaranmu na jifan mage, baƙa kuwa an ce mayya ce. Muzurun da ya ci 'yan tsaki a buhu ake sa shi a kai shi ƙetaren gada. Da yawa sun mutu a bayan katanga da wannan toshewar ba wanda ya san sunan ciwon. Duk na yarda. Sai dai duk muna tuna hadisin matar da ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ni ina ciyarwa, har da gwangwani. Sakin ne ba ni da inda zan yi. Yana yini a bakin taga yana kallon tattabaru ta cikin gilashi, daga bakwai na safe har in dawo daga gidajen tsofaffin da nake kula da su, waɗanda su ma a bakin taga nake tarar da su.

Ana cikin haka sai ga saƙon Yaya a WhatsApp, da hoton zanen gini. Wai za a shimfiɗe tsakar gidanmu ta unguwar Yelwa a Garwa da karo, wato tayil, daga zaure har madafi, a sare darbejiyar, a fitar da ɗakuna biyu na haya. Wai gidan ya yi kama da na ƙauye, ga ni a Turai, mutane na magana. Da kuɗin da nake turowa za a yi.

Yaya, ka yi haƙuri da na kawo maganar nan bainar jama'a, na kira sau biyu ba ka ɗauka ba. Ka san yadda karo ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40. Ka san a ina Inna ke yini, ka san inda jikokinta ke haƙa rijiyoyin wasa. Kuɗin kwanon rufi na turo jiya, a gyara ɗakinta kafin damina. Na karo kuwa ban turo ba. In dole sai an shimfiɗa, a yi daga zaure zuwa bakin rijiya, a bar mini darbejiyar da kusurwar bayan madafi yadda suke, da ƙasarsu, har in zo a watan Agusta mu zauna.