Sun kawo kwamfuta, fayil ɗin gidan mahaifinmu ya yi ɓatan dabo

Wata tara ke nan ina zarya a ofishin filaye na jiharmu a kan abu guda: a cire sunan marigayi mahaifinmu daga takardar mallakar gida, a sa na magada, tunda alƙali ya gama rabon gado. Wallahi na gaji, kuma raina a ɓace yake.

Ranar farko akawu ya ce mini: "Malam, ai yanzu komai ya koma kwamfuta." Ya buga lambar fayil, babu. Ya sake bugawa, babu. Sai ya ce ba duk tsofaffin fayiloli aka shigar ba, in leƙa ɗakin ajiya. Abin da na gani a ɗakin nan ya tayar mini da hankali. Fayiloli jibge har kusan rufi, an ɗaɗɗaure da igiya, na ƙasa sun sha danshi, gara ta cinye gefensu. Taswirar safiyo ta gidan wani bawan Allah an naɗe ta an tokare taga da ita. Dattijo ɗaya tilo ke kula da wurin. Na ce: "Baba, ta ina za mu fara?" Ya ce: "Ɗana, kowace shekara sababbi ake ƙara tula mini, kuma ni kaɗai ne."

Ba shi da laifi ko kaɗan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, har ya zama mai takardar shekara 99 ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa. Ke nan duk ciniki da jingina dole su bi ta wannan ƙofa. Gari na ta faɗaɗa, gonakin jiya sun zama unguwanni, takardu na ƙaruwa. To, wa ya hana a ƙara ma'aikata? Abuja ta soma mayar da bayanan filayenta cikin kwamfuta tun 2003. Sama da shekara 20, ai ya isa kowa ya gane cewa sai an tattara tsohon fayil an ɗauki hotonsa kafin a yi bikin buɗe sabon tsari.

Mu an bar mu a tsakiya. Na kwamfuta ya ce je ka wurin takarda, na takarda ya ce koma kwamfuta, ran da aka dace da wuta kuma sabis ya ɗauke. Amma kuɗin sabunta takarda da harajin fili, waɗannan ba su taɓa ɓacewa ba, rasit ɗinsu na aljihuna.

Ƙanwata na riƙe da marayu huɗu, tana son sayar da kasonta ta biya musu makaranta, mai saye ya ce sai ya ga takarda. Jiya a bakin ƙofa wani ɗan kamasho ya ja ni gefe, wai in kawo na goro, fayil zai fito cikin kwana biyu. Ashe yana nan ke nan! Ko sisi ba zan bayar ba. Ranar Litinin zan koma da takardar koke, kuma ba zan tashi ba sai an buga mata hatimin shaidar karɓa.