Ba sai an sauke monorepo gaba ɗaya ba

Matasa masu koyon rubuta manhaja a ƙauyukan Ringim sukan ɗauka cewa duk wanda zai yi aiki a monorepo, wato ma'ajiya guda da ta tattara manhajoji da yawa, dole ne ya sauke komai a kwamfutarsa, kuma tsadar data kan sa su haƙura tun ba a fara ba. Ba haka abin yake ba. Git shi ne manhajar da ake amfani da ita wajen adanawa da sauke irin wannan ma'ajiya. Tun Git 2.25, wanda ya fito a 2020, umarnin git sparse-checkout yana ba mutum damar fito da foldar da yake buƙata kawai. Sai dai shi kaɗai ba ya rage data; sai an sa --filter=blob:none wajen git clone, wato umarnin kwafo ma'ajiyar zuwa kwamfuta, sannan a jinkirta sauke abin da fayilolin suka ƙunsa har lokacin da aka neme su.